Lokacinsa Ne

Mijina Sharfuddeen injiniya ne, amma wallahi idan ana maganar gane zance, gara ka yi da bango.

A unguwar Bur Dubai muke zaune, ƙofarmu na kallon ta Yo'el da matarsa Shira, Yahudawa ne 'yan Maroko. Tun zuwansu Shira ta faɗa mini yadda Asabar ɗinsu take. Daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito ran Asabar da daddare ba sa kunna wuta, ba sa kashewa, ko makunni ba sa taɓawa. Kuma ba sa ce wa wani ya kunna musu, sai dai mutum ya gane da kansa.

A watan Agusta mahaifin Yo'el, Baba Ezra, ya zo ganinsu. Tsohon bai so zuwansu Dubai ba ko kaɗan. Cewa ya yi ba mai iya riƙe Asabar a garin da ba ya hutawa, kuma tun daga nan ya daina ɗora wa ɗansa hannu a ka ya sa masa albarka, kamar yadda ya saba yi duk Juma'a da daddare. Shira ta ce abin na cin Yo'el sosai.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗauke wuta na ɗan lokaci a benenmu. Da ta dawo, na'urar sanyaya ɗakinsu ba ta tashi ba, sai an danna. Ina kicin na ji Yo'el ya tare maigida a bakin ƙofa.

"Maƙwabci, yau zafi ya yi yawa a falonmu."

"Ai lokacinsa ne," in ji Sharfuddeen, kamar wanda aka gaisar a Ƙofar Wambai.

"Mahaifina ma yana ta gumi."

"Ayya, Allah ya kawo sauƙi. A gaida shi."

Ya shigo abinsa yana yaba wa mutumin, wai ya fara iya gaisuwa irin ta Hausawa. Kai, takaici ya ishe ni!

"Malam, ba gaisuwa yake yi ba, yau Asabar!"

Ya tsaya baki buɗe. Na yafa mayafi, na ja shi muka ƙwanƙwasa musu.

Falon kamar gidan burodi. Baba Ezra na zaune da littafin addu'a a cinya, rigarsa ta jiƙe sharkaf, idonsa a kan ɗansa. Ga rimot nan a kan tebur, kusa da hannun Yo'el. Yo'el ya kalle mu, ya kalli rimot ɗin, ya kawar da kai. Tausayinsa ya kama ni.

"Wash," na ce, "ni kam ba zan iya zama cikin wannan zafin ba." Na zunguri maigida. Wannan karon, alhamdu lillahi, ya gane. Ya danna, iska ta fara saukowa.

Tunda don kanmu muka ce mun kunna, dole muka zauna muka sha sanyin. Shira ta zubo mana dafina, wato naman da ke kwana a kan wuta tun Juma'a, da ƙwai da dankali.

Muna cikin ci tsohon ya tambayi ɗansa, "Da ba su zo ba fa?"

"Da mun jira fitowar taurari, Baba."

Baba Ezra ya rufe littafinsa. Ba Juma'a da daddare ba ce, amma ya miƙe da ƙyar, ya ɗora hannayensa biyu a kan Yo'el, ya fara karanto albarka a hankali. Shira ta juya tana share ido.

Sharfuddeen ya raɗa mini, "Yanzu ne ake yinta?"

Na ce, "Lokacinta ne."