Mai Kujera a Ɗakin Wankin Ƙoda

Da safe aka bugo wa matar tela waya daga asibitin gwamnati, aka ce ta kawo maigidanta yanzu-yanzu, yau a sabon ɗaki za a yi masa wankin ƙoda. Sai da ta sa aka maimaita mata. Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ba ba zai gane dalilin da ya sa ta bar tukunya a kan wuta ta fita neman mota ba. Inji ɗaya tak ke aiki a asibitin, tsoho, a wani ɗaki can baya kusa da wurin wanki, kuma layinsa ya fi na gidan mai tsawo. Asibitin kuɗi kuwa tuni ya cinye kekunan ɗinkin tela da shagon gaba ɗaya. Layin nan shi kaɗai ya rage musu, in suka rasa shi sun rasa tela.

Shi kuwa tela ciwo ya kumbura masa ƙafafu da fuska, amma bai taɓa masa baki ba. Yana zaune a gefen gado yana haki ya ce, "Ɗauko min farar rigar nan, maman yara. Kar sabon inji ya ganni a wulaƙance ya raina ni."

"Kai dai ka tashi mu tafi," in ji ta, tana dariya tana share ido.

Sabon ɗakin bara aka buɗe shi, aka yanke zare aka yi tafi, daga nan aka garƙame shi. Ta taga kawai ta saba leƙa shi. Yau ga shi a buɗe, an goge ƙasa tana sheƙi, na'urar sanyaya ɗaki tana hurawa, injina farare a jere kowanne yana ƙyafta 'yar fitilarsa. Gadajen duk da mutane, kuma duk ta san su, abokan layi ne da aka daɗe ana gaisawa a benci. Babbar nas, wadda layin yake hannunta, ta kwantar da tela, ta ɗauko siririyar robar da jini ke bi, ta manna masa ita a hannu da filasta, ta ja bargo ta rufe shi har wuya. Sauran robar ta cusa ta bayan gado.

"Sista, ba ki sa allurar ba," in ji matar tela.

Nas ɗin ba ta kalle ta ba. "Ki yi haƙuri, maman yara. Manyan baƙi ne za su wuce, ministan lafiya da 'yan majalisa. Shiga da fita ne kawai. Da sun tafi, mijinki ne na farko a tsohon injin, na yi miki alkawari." Ta gyara bargon da bai buƙaci gyara ba, ta rage murya. "Amma in kika yi magana, ni ba ruwana. Ba ni na tsara ba, kuma ba ni zan iya mayar da sunansa layi ba."

Sai a lokacin matar tela ta gane cewa ado aka kira su yi. Ranta ya ɓaci, amma ta danne. Abin da ya fi damunta shi ne yadda aka kwantar da shi. Tela ya daɗe ba ya iya kwanciya miƙe, don ruwan da ya taru a jikinsa kan taso masa ƙirji. Ta nemi a ɗaga masa kan gadon, aka ce shugaban asibiti ya ce duk gadajen su zama daidai, don hoto ya yi kyau.

Jiniya ta cika harabar asibiti, sai ga su. Minista ne a gaba, dogo, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, yana ɗaga wa marasa lafiya hannu. Shugaban asibiti na gefensa yana bayani da murmushi har kunne, 'yan majalisa da masu ɗaukar hoto na biye. Irin wannan ziyara kowa a asibitin ya haddace ta: a shigo ta wannan ƙofa, a ce sannu, a tsaya a yi hoto, a fita ta waccan. Har direbobi ba su kashe motoci ba.

A can ƙarshe wata 'yar tsohuwa ta shigo, gajera, tana ɗingishi kaɗan, da kujerar ƙarfe mai naɗewa a hammatarta. Matar tela ta gane ta da kujerar nan. Ta sha jin labarinta a rediyo lokacin da tela ke ɗinki. Ita ce shugabar kwamitin lafiya na majalisa, wadda kowa ke kira Mai Kujera. Ba ta zagayen duba aiki, zama take yi. In aka ce mata an gama abu, sai ta je ta kafa kujerarta a gabansa har ya yi aikin da aka ce yana yi. Matar tela ta ɗauka za ta ga wata ƙatuwar mace mai tsawa, ga shi ko kafaɗar minista ba ta kai ba, takalminta ma na roba ne.

Tsohuwar ta dubi ɗakin, ta zo daidai gadon tela, ta ware kujerarta ta zauna.

"Likita, wanki ɗaya tsawon wane lokaci yake ɗauka?"

"Awa huɗu, ranki ya daɗe," in ji shugaban asibiti.

"To madalla. A samo wa kowa wurin zama."

Minista ya yi dariya. Jam'iyyarsu ɗaya da ita, tare suka yi yawon neman ƙuri'a. "Haba Yaya, jirgi nake da shi da rana."

"Jirgi yana da na gobe, ƙanena. Ka tsaya a gaban majalisa ka ce injinan nan duk suna aiki, ka nemi mu ƙara maka kuɗi a buɗe irinsu a wasu asibitoci. Ni na sa hannu a kuɗin da aka sayi waɗannan. Ka bar ni in ga abin da na saya."

Ba ta ɗaga murya ba. Amma matar tela ta ga abin da ba ta taɓa zaton gani ba a rayuwarta: mutumin da ake rufe titi in zai wuce, an jawo masa kujerar roba, ya tattara rigarsa ya zauna. Ta ɗauka majalisa wuri ne da ake zuwa a yi hayaniya a talabijin a watse. Ba ta san akwai wanda zai ce wa minista zauna ya zauna ba.

Mai Kujera ta fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wa ya sayo injinan? Wa ya karɓe su? Mutum nawa aka horar su sarrafa su, kuma suna ina? Injin wanki ba ya shan ruwan famfo, to ina na'urar tace ruwan da majalisa ta amince a saya, aka dawo aka ce kuɗin bai isa ba ta sake amincewa? In ta yi tambaya sai ta ɗora hannuwa a gwiwa ta jira. Minista gwanin magana ne, amsarsa sumul, amma da ya gama sai ta ce, "To," ta ci gaba da kallonsa, shi kuma ya ƙara wata magana da ba a tambaye shi ba. Shugaban asibiti yana cikin sanyin ɗakin nan amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Matar tela rabin kunnenta ne a wurinsu. Numfashin tela ya fara sauyawa. Ta san wannan sautin, wani ƙurƙur ne da ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya dube ta ya girgiza kai kaɗan, wai ta yi shiru. Ta waiwaya ta ga babbar nas a bakin ƙofa, idonta a kanta. In ta yi shiru, tsohuwar nan ba ta da niyyar tashi, kuma tela ba zai kai awa huɗu a haka ba. In ta yi magana, baƙi za su tafi gidajensu, ita ce za ta dawo gobe ta tsaya gaban mutanen da ta tona wa asiri. Tsoro ya kama ta sosai, ta rasa wanda za ta roƙa.

Mai Kujera ta katse minista da hannu. Ta juyo ta saurari tela na ɗan lokaci, sannan ta ɗago ta dubi matar ta saman tabarau.

"'Yata, mijinki ne?"

"Shi ne, ranki ya daɗe."

"Ya jikin nasa?"

Tun da ciwon nan ya fara amsa ɗaya take bai wa kowa. Maƙwabta, dangi, likitoci, har ranar da aka ɗauke shi a sume, "da sauƙi" ta ce. Ta buɗe baki za ta faɗa kamar kullum, bakin ya ƙi.

"Babu sauƙi, Mama," ta ji kanta ta ce. "Wallahi babu."

Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce, "Ya isa. Kar ki ƙara komai." Ta sa aka ɗaga masa kan gadon nan take, ba wanda ya tuna da hoto. Sannan ta juya ga minista. "Ƙanena, taso ka ɗaga wa bawan Allahn nan bargo, ya yi masa nauyi."

Minista ya tashi. Ko ya san abin da ke ƙarƙashin bargon ko bai sani ba, Allah ne masani. Ya ɗaga. Ga hannun tela a kumbure, ga roba manne da filasta, fara fes, babu allura babu ko ɗigon jini. Ya tsaya da bargon a hannunsa, ya kasa ajiyewa.

Wani ɗan majalisa na ɓangaren adawa ya miƙe yana kiran masu hoto su matso. Mai Kujera ta ce, "Zauna, abokin aiki. Mara lafiya ba abin kallo ba ne. Ku masu hoto, ga minista nan, shi ya zo a ɗauke shi." Ta dubi shugaban asibiti, ta dubi babbar nas. "Kowa a nan shaida ne. Baiwar Allahn nan gaisuwata ta amsa, hannun minista ne ya ɗaga bargo. In na ji sunan mutumin nan ya motsa daga layi, ko na wani a ɗakin nan, a ƙofar ofishinka zan kafa kujerata, likita."

"Ba zai motsa ba, ranki ya daɗe," in ji shugaban asibiti. Bai jira an sake tambaya ba ya faɗi cewa na'urar tace ruwan ba ta taɓa isowa asibitin ba.

"To ka ji, minista. Kasafin ma'aikatarka yana gaban kwamitinmu, kuma a nan zai kwana har ka zo majalisa ka gaya mana inda na'urar take." Ta dubi sauran 'yan kwamitin, na jam'iyyarta da na adawa, duk suka ce sun amince. "Waɗannan da aka kwantar kuma, yau za a yi musu wanki a asibitin kuɗi, ma'aikatarka za ta biya. Ga motocinka can ba a kashe ba."

Ta taga matar tela ta ga ana saka abokan layinta a baƙaƙen motocin nan masu duhun gilashi. Wani tsoho mai gyaran agogo har yana cire takalmi kafin ya shiga. Jiniya ta sake tashi, aka buɗe musu hanya.

Tela kuwa ba shi da ƙarfin tafiya nesa, sai aka tura shi ɗakin baya, inda mai kan tsohon injin ya gama ke nan. Babbar nas da kanta ta sa masa allurar, ta ce wa matarsa a hankali, "Ki yafe ni, maman yara." Injin ya ɗauki ƙararsa. Tela ya lumshe ido ya ce, "Tsohon abokina, kai dai ba ka da kyau amma kana da amana."

Can aka ji ɗingishi a baranda. Mai Kujera ce, minista na biye da ita babu jirgi babu rakiya. Ta zauna a gefen gadon, ta ƙare wa matar tela kallo, busassun leɓɓanta da idanunta da suka faɗa.

"Yaushe rabonki da abinci?"

Matar tela ta yi ƙoƙarin tunawa ta kasa.

"Je ki ci wani abu, 'yata. Ina nan, ba inda za ni."

Tun da tela ya kwanta ba ta taɓa barinsa a hannun kowa ba, ko ƙanwarsa da suke ciki ɗaya. Ta tashi ta fita. Da ta kai tsakiyar baranda, sai ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta yi kuka mai yawa, mutane na ratsa ta suna ce mata sannu.