Ƙugiya Ta Tara

Wata uku na yi ban zana abin kirki ba. Aikina a kamfanin saƙa labule shi ne fito da sabon zane, wanda inji zai saƙa a jikin yadi har hannu ya ji tudunsa. Amma kaina ya bushe ƙayau. Duk abin da na kai wa manaja sai ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta ce fure ne dai, fure kuwa an gaji da shi. Ranar Litinin ta kira ni ofis, ta ce ba ta son raba kowa da abincinsa, amma in Juma'a ta yi ban kawo komai ba, akwai masu jiran kujerata.

Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta ce in rabu da kwamfuta in shiga gari in buɗe ido. Na bi shawararta don ba ni da wata. Kwana biyu ina gantali. Na ɗauki hoton tayoyin da aka jera a bakin gareji, da inuwar gadar sama, da yadda wani ɗan kasuwa ya tsara tumatir, har ya gaji ya tambaye ni ko saye na zo yi ko kallo. Na dawo da kumburarrun ƙafafu da hotuna ɗari biyu, babu ko ɗaya da mutum zai yarda ya rataya a falonsa.

Ranar Laraba bas ta lalace da mu a wata tsohuwar unguwar masu hali. Na sauka ina mita, na kama tafiya a ƙasa. A nan na ga ƙofar. Ƙofar ƙarfe ce ta wani gida, fentinta duk ya ɓare, amma an lanƙwasa rodinta ƙugiya-ƙugiya, kowace ta saƙalo wuyan 'yar'uwarta, layi bisa layi. A layin ƙasa, ƙugiya ta tara ta juya wa sauran baya. Na tsaya ina kallo har maigadi ya fara yi mini kallon ɓarauniya. Bai yi ƙarya ba, sai dai ba irin satar da yake tsoro na zo yi ba.

Na kwashe zanen kaf, ban rage ko ɗigo ba. Manaja ta gani ta cire tabarau ta mayar. Abu ɗaya ta ce a gyara, wannan ƙugiyar da ta juya, wai kuskure ne. Ni kuwa da na ga kasuwata ta buɗe, sai na gyara zama na ce ba kuskure ba ne, sa hannuna ne. Ta jinjina kai. Kujerata ta tsira, labulen ya shiga kasuwa ya karɓu, har aka ɗauke ni a bidiyon talla. A ciki na ce birni ne malamina, don a gidan da na tashi ba wanda ya san mene ne zane.

Babana mai walda ne. A ofis cewa nake yana harkar gine-gine. Na tashi ina ƙin ƙarar injin yankan ƙarfe, da warin ƙuna, da rigunansa masu huda-huda kamar rariya. In ya zo ɗaukata a makaranta, nesa da ƙofa nake cewa ya tsaya. Yanzu ya bar aiki, wutar walda ta cinye masa ido, sai dishi-dishi yake gani.

Da labulen ya fito, na ɗauki guda na kai gida, ina ji da kaina. Umma ta amsa gaisuwata a taƙaice. Na san ta ga bidiyon, don Rediyo ta tura wa duk wanda ta san lambarsa. Baba kuwa yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce in kawo ya ga abin da Uwata ta yi da ake ta magana.

Ya shimfiɗa yadin a cinya, ya fara bin saƙar da yatsunsa masu tabon ƙuna. Na ga leɓensa na motsi, ashe ƙirga yake. Ya gangara layin ƙasa, ya tsaya. Ya koma farko ya sake ƙirgawa, sannan ya fashe da dariya har da tari.

Ya ce tun yana saurayi wasu masu walda kan nuna wa mutane ƙofofinsa su ce aikinsu ne. Shi kuma bai iya rubutu ba balle ya sa suna. Shi ya sa duk ƙofa ko taga da ta fito daga hannunsa, sai ya juya ƙugiya ta tara a layin ƙasa. Shekara talatin yana haka, ba wanda ya taɓa lura, har Umma sai da ya nuna mata.

"Ashe kina kallon tagar ɗakinki, Uwata," in ji shi. "Ni da na ɗauka ba ki taɓa ɗaga ido kin dube ta ba."

Na ce bari in sha ruwa. Ɗakina na dā na shiga, wanda yanzu Umma ke ajiye keken ɗinki a ciki. Na yaye tsohon labulen. Ga su nan, kowace ta saƙalo wuyan 'yar'uwarta. Na ƙirga da yatsa, ta tara ta juya baya. Shekara ashirin na kwana a ƙarƙashin tagar nan, abin da na sani game da ita kawai shi ne a nan nake rataye tawul. Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke ji har tafin ƙafarsa. Na so a ce ya yi fushi, da na san yadda zan ba da haƙuri. Murnar tasa ce ban san inda zan kai ta ba.

Da na fito, yana nan yana shafa yadin, yana gaya wa Umma a rataya shi a falo inda baƙi za su gani. Umma kuwa ni kawai take kallo. Sai ya juyo inda ya ji motsina.

"Da suka tambaye ki, kin ce musu na wane ne?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, don na saba. Na durƙusa kusa da ƙafarsa.

"Ce musu na yi nawa ne, Baba."

Yatsunsa suka tsaya a kan ƙugiyar. Sannan ya ninke labulen a hankali, gefe ya haɗu da gefe, yadda yake haɗa ƙarfe kafin ya ɗana masa wuta.

"To, ai ba komai," ya ce. "Su ma masu gidajen ba su taɓa tambayar sunana ba."