Tela Gobe da Rigar Baƙuwa

Mahaifina tela ne, kuma ban taɓa sa rigar da ya ɗinka mini a shekarar da na roƙe ta ba. Kayan makarantata na aji ɗaya ya gama su ina aji uku. Abin haushin shi ne sun yi mini cif, domin Baba ya san halinsa: in ya auna yaro, sai ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙiyasta watannin da ɗinkin zai yi a shago, ya ƙara inci huɗu ko biyar. Wannan ƙarin shi yake kira haƙƙin girma. Duk layinmu Tela Gobe ake ce masa, yana kuma amsawa ba ko kunya. Hannunsa kuwa ba na biyunsa, shi ya sa mutane suke zaginsa suna dawowa.

'Yata, wadda muke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta, ta cika shekara huɗu, na ce zan kai ta kanti ta zaɓi 'yar tsana. Kuskurena ɗaya ne, na bi ta ƙofar shagon Baba. Yana jin inda za mu, ya ture keken ɗinki, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya biyo mu. A benci ya bar wani direba da ya zo karɓar wandonsa karo na tara.

Ni abin da na gaya wa mai kanti ina nema ba shi da yawa: mai laushin jiki, marar nauyi, wadda za a iya wankewa, wadda ba ta da ƙananan maɓallan da yaro zai tsinke ya haɗiye. Baba kuwa ko fuskokinsu bai duba ba. Ya ɗauki ta farko, ya juya rigarta ciki waje, ya yi tsaki.

"Allah ya isa tsakaninki da telanki," ya ce mata, ya mayar da ita kan kantar kaya.

Mai kanti ya miƙo wata wadda take kuka in an danna cikinta. Baba ya danna, ta yi kuka, ya miƙa masa abarsa.

"Mai ƙorafi ce. Ina da irinta goma a benci."

Wata mai lumshe ido in an kwantar da ita ma bai yarda da ita ba, wai wanda yake barci ana auna shi, shi ne yake zuwa daga baya ya ce an matse masa hammata. Muna wannan shari'a, Ɗigo ta tsuguna ta jawo wata daga can ƙasa, jikin ƙyalle, kan roba, idanu zane, ba ta kuka ba ta barci, kallo kawai take yi. Ta rungume ta ta ce, "Wannan ce. Sunanta Baƙuwa." Na murza ta ko'ina ban ga abin da zai tsinke ba, na yarda. Baba ya dafa kafaɗunta da yatsu biyu, ya ce sun daidaita, shi ma ya yarda. Sai dai ya sa mai kanti ya tuɓe mata rigar da ta zo da ita.

"Baba, rigar a cikin kaya take," na ce.

"A bar masa. Jinin gidana ba zai yi yawo da wannan ɗinki ba, ina raye."

Haka muka fito da Baƙuwa tsirara, a naɗe da hankicina.

A shago ya tsayar da ita kan teburin yanka, ya buɗe littafin awo, ya ba ta shafi guda. Ɗigo tana faɗin abin da take so yana rubutawa: riga mai aljihu, hula, safa, bargo, da jakar da za a zuba su. Sannan ya zagaya tef a ƙugun Baƙuwa.

"Tsaya sosai, Malama. Kar ki riƙe numfashi."

Da na ga ya rubuta awon ya fara ƙari a gefe, na ce, "Baba, wannan fa ba ta girma."

"Haka uwarki ta ce a kanki. Dube ki yanzu, ƙofa ma da kyar."

Ɗigo ta ja masa riga. "Kaka, yaushe za ka gama?"

"Gobe, uwar ɗakina."

Ya ce a bar Baƙuwa a shago saboda gwaji. Ya zaunar da ita a benci kusa da direba, direba ya matsa mata.

Wata uku aka yi kafin rigar farko ta fito, wanda a wurin Baba gudun fanfalaki ne. Riga ce mai kyau, ruwan ƙwai, da tattara a ƙirji. Aka zura wa Baƙuwa, ta ɓace a ciki gaba ɗaya, sai da Ɗigo ta sa hannu ta lalubo ta ta ƙasa. Baba ya ɗauko tef. Shekara arba'in yana ƙiyasin girman 'ya'yan mutane bai taɓa kuskure ba. Ya sake auna ta, ya duba littafi, ya goge tabarau, ya sake aunawa. Ko rabin inci ba ta ƙara ba.

"Me kuke ba ta?" ya tambaye ni.

"Baba, a wurinka take kwana."

Washegari ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga ƙaramin asibitin da yake jikin shagonsa. Nas ɗin wurin, wadda farar rigarta ta aiki take hannun Baba tun bara, ba ta yi dariya ba. Ta ɗora Baƙuwa a sikelin jarirai, ta duba, ta rubuta a kati.

"Baba Tela, lafiyarta ƙalau. Roba ce da auduga."

"Ku ma'aikatan yanzu komai ku ce roba. Ba wani maganin ƙarin jini?"

"Akwai. Ka dawo da ita ranar da za ka kawo mini rigata, sai in rubuta mata."

Bai koma ba. Amma ya yanke wa kansa hukunci cewa Baƙuwa irin yaran nan ce masu jinkirin tashi, waɗanda sai an cire rai su miƙe dare ɗaya. Ya ce ba zai sake ɓata yadi ba sai ya ga inda ta dosa. Don haka duk farkon wata yana tsayar da ita kan tebur, ya auna, ya rubuta, ya mayar da ita benci a cikin hankicina.

Ba a jima ba ya gano amfaninta. Duk wanda ya shigo da faɗa a kan ɗinkinsa, sai Baba ya nuna benci da almakashi.

"Ka ga wannan baiwar Allah? Tun bara take jira, ko zani ba ta da shi. Ka taɓa jin bakinta? Sauri ya haifi nawa."

Mutum ya dubi Baƙuwa, Baƙuwa ta dube shi, sai ka ga ya sassauta murya, wani har haƙuri yake bayarwa. Direba kuwa ya saba da ita har yana gaishe ta in ya zo. Sau ɗaya na ji yana ce wa Baba shi ba ya gaba da kowa, amma a tuna ya riga ta zuwa.

Duk wannan abin dariya ne ga mutanen layi. Ni ban ga abin dariya ba, domin ni nake kai Ɗigo shagon kullum da yamma. Takan hau benci ta ɗauki Baƙuwa, ta jijjiga ta, ta ba ta abinci da murfin kwalba, ta gyara mata hankicin. In za mu tafi sai ta tsaya gaban keke.

"Kaka, yau ce goben?"

"Saura ƙiris, uwar ɗakina."

Sai ta gyaɗa kai, ta sumbaci Baƙuwa, ta zaunar da ita. Ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma wannan yardar ce take ƙona mini rai, don ni ma na taɓa tsayawa gaban keken nan da irin wannan fuska. Na san yadda abin yake ƙarewa. Ba faɗa ake yi ba, rana ɗaya kawai yaro yake daina tambaya.

Na gwada tsallake shi. Na yanka tsohuwar rigar matashin kai, na ɗinka wata 'yar riga da allura, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma dai riga ce. Ɗigo ta dube ta ta ce, "Mama, Kaka ya ce gobe." Baba kuma ya ɗauke ta da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya tambaye ni ko wani laifi Baƙuwa ta yi mini. Kafin in bar shagon ya warware ta, ya ce ƙyallen zai yi shafin jaka. Ranar na gaya masa maganganun da sai da na dawo washegari na ba shi haƙuri.

Ɗigo ta shiga firamare. Zuwa shago ya koma ranar Asabar kawai, daga nan ya koma in mun biyo ta layin. Haƙorinta na gaba ya faɗi, ta koyi tsallen igiya, ta yi ƙawaye biyu da ba a raba su da ita. In mun shiga shagon takan ɗaga wa Baƙuwa hannu daga bakin ƙofa, yadda ake gaida maƙwabciyar da ba a saba da ita sosai ba.

Ranar da na kai ta awon sababbin kayan makaranta, farkon wata ne, Baba ya gama auna Baƙuwa ke nan, littafin yana buɗe. Ya auna Ɗigo, ya duba tsohon shafinta don ya kwatanta. Shafin nata yana fuskantar na Baƙuwa. A hagu, shafin Baƙuwa, layi ashirin da shida ne, lamba ɗaya tun daga sama har ƙasa. A dama layi biyu ne kacal, tsakaninsu inci bakwai. Ya daɗe yana kallon shafukan nan. Sannan ya ɗago ya dubi Ɗigo, wadda take leƙen titi tana ƙosawa mu tafi.

"Uwar ɗakina, yau ba ki tambaye ni ba."

"Me, Kaka?"

Ya rufe littafin a hankali.

Abin da ya faru washegari da safe direba ne ya ba ni labari, don a gabansa aka yi. Ya ce Baba ya zo ko gaisuwa bai amsa ba, ya shimfiɗa yadi, ya zana da alli, ya yanka, ya hau keke. Riga, hula, safa, bargo, jaka, duka cikin awa ɗaya da rabi, har da guga. Direba ya ce shi dai ya zauna yana kallo hawaye na zubo masa, yana cewa a ransa ashe mutumin nan yana iyawa. Ni da na ji awa ɗaya da rabi, sai da na sa ya maimaita.

Da la'asar sai ga Baba a ƙofar gidanmu, Baƙuwa a hannu ɗaya cikin hankicin nan da ya koɗe, jaka a ɗaya hannun. Bai sa mata kayan ba, wai mai ita ce za ta sa mata. Ɗigo tana tsakar gida da ƙawayenta, igiya tana juyawa, suna ƙirga tsalle.

"Uwar ɗakina, ga kayanki sun fito."

Ta tsaya, tana haki. Ta leƙa jakar, ta yi murmushi irin na yarinya mai tarbiyya.

"Lah, sun yi kyau. Na gode, Kaka. Ka ajiye a ɗaki, gobe zan sa mata."

Ta koma cikin igiya.

Ba da gayya ta faɗa ba, ko kaɗan. Baba ya ce to. Bai ajiye ba, ya koma da su shago, ya dawo washegari. Ya tarar tana aikin gida na makaranta, ta ce gobe. Rana ta uku ba ta ma gida, ta tafi gidan ƙawarta. Ya zauna a kujerar tsakar gida, Baƙuwa a cinyarsa, jaka a gefe, hannuwansa a kan gwiwa, zaman da na ga mutane suna yi a bencinsa tun ina yarinya.

Shekara talatin ina jiran ranar da wani zai ɗanɗana masa. Na ɗauka zan ji daɗi. Sai ga shi tausayinsa ne ya kama ni.

Na jawo kujera, na karɓi Baƙuwa, na kwance hankicin. Na sa mata rigar, ta zauna mata kamar a jikinta aka halicce ta. Aljihun bai fi kan ɗan yatsana ba, amma aljihu ne na gaske, har da kalmasa. Babu maɓalli ko ɗaya, igiyar ƙyalle ya yi a baya, ashe ya ji abin da na faɗa a kanti. Na sa mata hula da safa, na lulluɓe ta da bargo. Da na juya gindin rigar don in ga ɗinkin, na tarar ya naɗe rabin inci a ciki.

"Baba, wannan fa?"

"A bar shi," ya ce. "Ba a sani ba."

Muka zauna, ni da shi da Baƙuwa. Can ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya gyara tef ɗin wuyansa.

"Gobe ƙarfe nawa take dawowa daga makaranta?"

"Ƙarfe biyu, Baba."

Ƙarfe ɗaya ya zo.