Kyamarar Baba Habila Ba Ta Ji

Ƙauna ta shiga shagon Abdulrauf a Gwallaga da kyamara a cikin leda, har da saƙar gizo a jikin kyamarar. Makon jiya aka binne mahaifinta, Baba Habila, a Zungur, kuma abu ɗaya ne ya kawo ta. Muryarsa take so a ciro mata.

Abdulrauf ɗin ne ya kafa kyamarar bara. Ƙauna nas ce a wani asibiti cikin gari, aiki ba ya barin ta ko ta sosa kai, tsohon kuma ya kafe ba zai bar gonarsa ya dawo birni a ajiye shi kamar kujera ba. Da jiri ya kayar da shi a ƙofar ɗaki sai hankalinta ya tashi. Aka je aka liƙa kyamara a saman baranda, da 'yar sola da layin waya, don ta riƙa ganinsa daga inda take.

To, sabis ɗin Zungur kuwa sai a hankali. Hoto ya motsa, ya tsaya, ya daskare da Baba baki buɗe. Abdulrauf ya shiga saiti ya rage girman hoton, ya rage saurinsa, duk da haka yana sarƙewa. Sai ya ce, "Sista, in muka kashe sauti zai ɗan samu sauƙi. Ko kina buƙatarsa?"

"Me zan ji? Kukan awaki?" in ji ta, tana dariya tana duba agogo, don aikin yamma take da shi. "Kashe kawai. Ni dai in ga ya sha magani."

Da yatsa ɗaya aka gama. Baba kuwa bayanin da ya samu bai fi wanda ta jefa masa tana saɓa jaka ba: "Baba, ta nan zan riƙa ganinka kullum."

Ta manta da wa take magana. A duniyar Baba Habila, wanda ya gan ka ya ji ka, ba a raba ido da kunne.

Kowace safiya takan leƙa wayarta ta same shi zaune a kan kujerar tsuguno, ya fuskanci kyamara, bakinsa yana motsi. Ta ɗauka addu'ar safe yake yi, ko waƙar coci. Sai ta ce madalla, yana lafiya, ta cusa wayar a aljihu. In ta kira shi ran Lahadi ta ce, "Baba, ina labari?" sai ya ce, "Ai na faɗa miki." Har ta gaya wa abokan aikinta tsufa ya fara taɓa masa kai. Kaico, da ta ce, "Me ka faɗa min?" da magana ta ƙare, amma kullum akwai majinyacin da ke jiran ta.

A wurin zaman makoki ne Mama Cecilia, maƙwabciyarsa, ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, ya ji daɗin abin nan naki. Sai ya yi wanka ya sa hular zuwa coci kafin ya zauna hira da ke. Amma ya ce min kamar fushi kike, akwai abin da ya roƙe ki, ba ki ce komai ba."

"Wane abu, Mama?"

"Oho. In ya zo wurin sai ya juya yarenku, ni kuma ba na ji."

Da aka tashi makoki, Ƙauna ta sa aka ciro kyamarar daga saman baranda.

Yanzu ga ta tsaye a kan Abdulrauf, ya zare katin mamorin kyamarar ya sa a kwamfuta. Ya buɗe nan, ya buɗe can, ya ƙure lasifika. Ba abin da ke tashi sai ƙarar injin niƙa na maƙwabta. Ya cire hula ya shafa kai.

"Sista, sautin ba ɓacewa ya yi ba, balle in nemo. Ba a taɓa ɗauka ba. Wallahi da na sani, da hoton na ƙara ragewa."

"Ni na ce ka kashe, Malam Abdulrauf."

Bai musa ba, don gaskiya ce. Ya jawo mata benci, ya buɗe mata hoton ƙarshe da Baba ya zauna.

Ga shi nan, hula a karkace, ya gyara zama. Ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa. Ya daɗe yana magana, yana nuna wajen gona, yana dafa ƙirji, har ya sa gefen riga ya share ido. Ƙauna ta matso ta ƙura wa leɓɓansa ido ko za ta tsinci kalma ɗaya, amma hoton da aka rage bai bar masa baki sosai ba, duhu ne kawai ke buɗewa yana rufewa.

Sai tsohon ya yi shiru. Ya karkato da kai, ya juyo da kunnensa mai ji wajen kyamara, yana jira.

"Na'am, Baba," in ji Ƙauna, da ƙarfi, har wani mai sayen caja ya waiwayo. "Ina jinka."

Baba Habila ya ƙara jira kaɗan. Sannan ya gyaɗa kai, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki fartanyarsa ya fita daga hoton.