Tarin Garbai

Yakura ƴar Gure ce, amma shekara huɗu ta yi a wani ɗakin bincike a Kamaru, daga ita sai fararen ɓeraye. Aikinta ta ɗura musu tsutsar huhu, irin wadda mutum ke ɗauka idan ya ci ƙaguwar da ba ta dahu ba, sannan ta riƙa ɗibar jininsu tana duba yadda garkuwar jikinsu ke yaƙi da tsutsar.

A shekara ta uku innarta ta kira ta a waya. Garbai, yayan Yakura, mai tuƙa kamyon dabbobi zuwa kudancin Najeriya, ya fara tari da jini, kuma lokotoron asibiti ya ce da alama tarin fuka ne.

"To ya sha maganin wata shida, kada ya tsallake ko rana ɗaya," in ji Yakura, idonta na kan kejin ɓeraye. "A ware masa kwano da ɗaki, Inna. Kada ya ɗauki jaririyarsa."

Maganarta ba a musu da ita a gidan. Garbai ya ajiye tuƙi, ya koma bukkar garkarsu a cikin kwari. Ya gama wata shida, tari bai tsaya ba, aka sake masa wani zubin.

Da Yakura ta zo hutu, ta same shi ƙarƙashin dabino, ya rame. Suna gaisawa tari ya sarƙe shi, ya tofar da kaki mai launin tsatsa a kan rairayi. Ta tsura wa kakin ido.

"Yaya, can kudu ka taɓa cin ƙaguwa?"

"Sau nawa ma! Abokan tafiya ke gasawa a bakin rafi. Wuta dai ta ɗan taɓa ta mu ci."

Washegari ta kai kakin asibitin Damagaram, ta roƙi a bar ta ta duba da kanta. Ga ƙwayayen tsutsar nan, waɗanda ta sani kamar tafin hannunta. Maganin na kwana uku ne.

"Kwana uku?" Garbai ya jujjuya ƙwayar maganin a hannunsa.

Tarin ya lafa kafin wata ya fita, amma huhun ya riga ya yi tabo. Tudun garka ma sai ya huta sau biyu kafin ya haye. Mai kamyon tuni ya ɗauki wani direba.

"Ka yafe mini, Yaya. Tambaya ɗaya ce, ban yi ba."

"Ba ki gan ni ba ne, Yakura. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ta so a ce faɗa ya yi mata. Mako biyu bayan haka ta koma Kamaru, domin saura wata takwas ta gama bincikenta. Garbai ya raka ta tasha, amma jakarta ita ta ɗauka.