Waƙa ta Goma Sha Biyu

Ranar Talata aka cire Adabin Turanci daga jadawalin makarantar. Malam Salmanu ya dawo gida tun kafin azahar, ya jingine kekensa a bakin zaure, ya zauna yana haki. Maƙwabcinsa Mamman, tsohon magatakardan kotu, yana kan tabarma a gindin dalbejiya da littafi a hannu. Nan yake wuni tun da matarsa Hansai ta rasu.

"Bature, yau da wuri haka? Ko Ingila ta ba da hutu?"

"An soke darasina," in ji Salmanu. "Shugaban makaranta ya ce ɗalibai biyu ba aji ba ne. Wai in je in yi jinyar hantata."

"Bai yi ƙarya ba. Dubi idonka, kamar an shafa masa gangamau."

"Saura waƙa uku cikin sha biyun da ke manhaja. An riga an yi wa yaran rajistar jarrabawa. Sai na gama."

"Shekara talatin kana koya wa 'ya'yan manoman gero kukan saukar ƙanƙara a ƙasar wasu. Wa ka taɓa ƙosarwa?"

"Kai. Rabin littattafaina na ɗakinka."

Washegari bayan la'asar ɗaliban suka zo zauren, Bushira da Ramlat. Iyayensu sun gudo daga wani ƙauye a yankin Ruma, suna zaune a kangon shago bayan tasha. Mamman bai matsa kusa ba, bai kuma yi nisa ba. Shafin da ke hannunsa dai bai juyu ba har aka tashi.

Salmanu yana da wata ɗabi'a da ta sa sufetoci ba su taɓa son sa ba. Ba ya ba da amsa a haddace. In an karanta waƙa an warware kalmominta, sai ya rufe littafin ya ce, "Wa kika sani?" Sai ɗaliba ta kawo sunan wani mai rai ko matacce wanda abin ya faru da shi, sannan a wuce gaba. In ba suna, gobe a maimaita.

Waƙa ta goma ta mutanen da aka kora daga ƙasarsu ce. Kwana huɗu suna kanta.

"Wa kika sani, Bushira?"

"Baffana Jinjiri, Malam. Da za mu taho ya kulle ɗakinai da kwaɗo, alhali an ƙone rufin. Makullin na aljihunai har yau."

"To rubuta min haka da Turanci. Mai duba takarda a Legas bai san baffanki ba. Sa shi ya san shi."

Kafin su kai ta sha ɗaya, ƙafafun Salmanu sun kumbura, muryarsa ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Ranar Laraba aka fito da shi zauren a kan katifa. Ya ɗaga littafin, hannun ya ƙi.

"Magatakarda, ara mana bakinka. Ba ya da aiki sai zagi."

Mamman ya shigo yana ƙunƙuni, ya karɓa, ya karanta da irin muryar da yake karanta hukunci a kotu. Waƙar wani mutum ce da ke dawowa gida kullum ya yi sallama ga wadda ta daɗe a kabari, ya tsaya jiran amsa. A baiti na uku ya yi tari, ya ce ƙura ce.

Yaran suka kawo nasu sunayen. Sai Salmanu ya juyo da idanun nan rawaya.

"Kai fa? Wa ka sani?"

"Ni ba ɗalibinka ba ne."

"Wanda ya karanta a ajina sai ya amsa."

"Ban san kowa ba. Mutanen da na sani suna da hankali."

"To gobe a maimaita," in ji Salmanu, ya rufe ido.

Ba a maimaita ba. Ranar Alhamis bai san wanda ke kansa ba, ranar Juma'a da hantsi ya cika. Aka kai shi bayan an sauko daga masallaci.

A rana ta biyu ta zaman makoki shugaban makarantar ya zo da tawagarsa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce an yi rashin gwarzo. Da Bushira da Ramlat suka fito daga cikin gida, inda suka yi wa iyalin gaisuwa, sai ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu.

"Ga taƙaitattun amsoshi. Ku haddace, Allah ya ba da sa'a."

"Ranka ya daɗe, mayar da shi aljihu," in ji Mamman. "Ku zo ku zauna nan."

Wani dattijo da ke jan carbi ya ce, "Haba Magatakarda. Boko a wurin makoki?"

"An yi masa wanka, an yi masa salla, an yi masa addu'a. Aikinsa ne kaɗai ba a ƙarasa masa ba. Wanda Turanci ke karya wa alwala, ga buta can."

Ya buɗe littafin Salmanu, wanda jan biro ya cinye gefen kowane shafi. Waƙa ta sha biyu gajera ce: wani tsoho ne ke ban ruwa ga itacen da kowa ya ce ya mutu. Ya karanta sau biyu. Suka bi ta kalma bayan kalma, masu gaisuwa na shigowa suna fita, wasu na harara, wasu sun manta da hararar sun kasa kunne. Shugaban ya duba agogo, amma bai sami fuskar tashi ba.

Mamman ya rufe littafin.

"Wa kuka sani?"

Ramlat ta dubi inda katifar take a da. Bushira ta riga ta buɗe littafin rubutunta.

"To ku rubuta. Shafi biyu. Gobe ku kawo min, kuma ni ba ni da tausayinsa."

Da aka kira la'asar mutane suka watse zuwa masallaci. Mamman ya tsaya naɗe tabarmi shi kaɗai. Tambayar ranar Laraba tana nan inda aka bar ta, amsarta kuwa ba ta wuce suna biyu ba. Ya dubi bangon da Salmanu ke jingina, inda kansa ya bar tabon mai a jikin farar ƙasa.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Ni da Hansai."

Ya ɗan jira. Sannan ya jingine tabarmar ya nemi takalmansa.