Gogen Alhaji Bawa

A unguwar Bani Malik, Alhaji ake kiran Bawa, shi ke buɗe masallacin layinsu. Direban wani otal ne a Jidda, kuma ban da iyalinsa babu wanda ya san kiɗan goge ne sana'arsa a dā a Maraɗi.

Otal ya haɗa shi da wani dattijo ɗan Poland, Ignacy, mai kiɗan jaz da gogen Turawa. Tun yana saurayi yake kiɗa a gidajen rawa na Krakow, ya zaga duniya, yanzu ciwon gaɓɓai ya kama masa yatsu. Wasan Jidda shi ne na ƙarshe.

Wata rana a cunkoson titi, dattijon ya sa kiɗansa a mota, ya lura yatsun Bawa na hagu suna bin sautin a kan sitiyari.

"Kai makaɗi ne," ya ce da guntun Faransanci.

Bawa bai musa ba.

"Hannuna ba ya kai ƙarshen waƙa," in ji dattijon. "Zo wasana ka ɗauka inda na gaji."

Bawa ya kai maganar gida.

"Yalla Baba, ka je mana," in ji 'yarsa Hafsa. "Ni ban taɓa jin ka ba, wallah."

"Rufe mana baki," in ji matarsa Barakatu. "Alhaji, hoto za a ɗauka. Gobe a ce mai mabuɗin masallaci ɗan goge ne? Da wane ido za ka shiga sahu?"

Ya san mutanensa. Su ne ke sauraron goge a waya, su rage murya, sannan su ƙi haɗa zuri'a da mai yin sa. Ya yini yana juya abin. Da la'asar ya ce wa dattijon ba shi da lafiya.

Ranar wasan Bawa ne ya kai dattijon, ya tsaya a bakin ƙofa cikin direbobi. An ajiye kujera biyu a dandamali. Ignacy ya fara a hankali, sautin ya hau, ya yi kuka kamar mutum. A tsakiyar waƙa ta uku hannun ya ƙage. Ya sauke gogen, ya dubi ƙofa, yana jira.

Bawa ya san sautin da ya kamata ya biyo. Ya cusa hannunsa na hagu a aljihu.

Mutane suka ɗauka an gama, suka tafa.